Gwarzon Wata Ɗan Aji Biyu

Fetur ne ya naɗa ni shugaban mutanen da ba na gani. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Jihohin Kwara da Edo suka mayar da zuwa ofis kwana uku a mako don ma'aikata su samu sa'ida. Hajiya mai kamfaninmu kuwa ba ta iya rabin abu ba. Ta ɗauki biro ta haɗa kuɗin hayar ofishinmu na Titin Gidan Zoo da na man janareta da na shayin da muke ɗirka safe da yamma, ta ja layi biyu a ƙasa, ta ce daga wata mai kamawa kowa ya yi aiki daga ɗakinsa.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Mu takwas ne, muna fassarar takardu, muna tsara littattafan makarantu, muna rubuta tallan rediyo. Ni ne manaja, kuma har ranar da aka rufe ofis babban aikina shi ne in riga kowa zuwa in zauna inda za a gan ni.

"Malam Manaja," in ji Hajiya, "kai ka yi karatun gudanarwa. Ka san yadda za ka riƙa zaburar da su. Kada in ji aiki ya kwanta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, an gama." Na gyara karin hula.

A daren na duƙufa bincike har na ci karo da gwajin da wani farfesan Jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, ya yi da abokan aikinsa a Ctrip, wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin. An raba masu amsa waya gida biyu bisa ranar haihuwarsu, wasu suka koma aiki daga gida na wata tara, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Da aka buga sakamakon a 2015, sai ga 'yan gida sun ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin ɗari. Na kwafe wannan lamba na tura wa Hajiya tun ban kai ƙarshen shafin ba. Can ƙasa kaɗan aka rubuta cewa ba a bar kowa ya shiga gwajin ba sai mai ɗaki nasa na kansa da intanet mai ƙarfi a gida. Mai zanenmu yana Kurna, ɗaki ɗaya shi da ƙannensa uku da babur ɗin yayansu. Akawu yana Sheka, a gidan da ba a taɓa ƙirga yara an samu lamba ɗaya sau biyu ba. Mai tace mana rubutu aure ya kai ta Zariya, gidan gandu, ɗakinta na kallon na uwar miji.

Dabarata ta farko mitin ce, kullum ƙarfe tara na safe a Zoom, kowa ya kunna kyamara don zumunci ya ɗore. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, kuma wanda ya yanke wannan lokaci bai taɓa ganin Hausawa takwas sun haɗu da safe ba. Kowa sai ya gaida kowa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya mai jiki. Wanda sabis ya jefar, in ya dawo daga ina kwana zai sake ɗaukowa. Malaminmu mai fassarar Larabci ba ya bari a fara ba a buɗe da addu'a ba, kuma shi ba mai gaggawa ba ne a gaban Ubangijinsa. Ana cikin haka zakaran Ɗorayi yana amsa wa na Gwammaja, mai ruwa yana buga jarka, wata yarinya tana tallar awara a cikin kunnen kowa. Daidai lokacin da zan ce "abu na farko a ajanda", sai Zoom ya kore mu gaba ɗaya.

Wata safiya na samu sa'a aka taƙaita gaisuwa, na shiga lacca a kan cika alkawari. Na yi zurfi, har na fara jin daɗin muryata. Na ce mutumin kirki ba ya bari a biyo shi, tun kafin a tambaya ya sauke nauyin da ke kansa. Sai ga sallama a bakin zaure, yaron mai shagon unguwa, da muryar nan ta yara da ba ta san sirri ba: "Wai in ji Baba, kuɗin madara da sukarin nan, wai tun na azumi ne." Hannuna ya yi ta laluben inda ake kashe murya, na danna wani abu da ya ƙara girman fuskata a allon kowa. Aka yi tsit. Can sai akawu ya yi gyaran murya ya ce, "Yallaɓai, a sa wannan a ajanda, ko a bar shi sai an zo sauran batutuwa?"

A zaure na kafa ofis, domin cikin gida ba wuri. A unguwarmu kuwa, magidancin da aka gani zaune a zaure da hantsi ranar Talata, ɗayan biyu ne: ko ba shi da lafiya, ko an sallame shi. Da farko maƙwabta suka mayar da ni magatakardan unguwa. Wannan a cika masa fom, wancan a duba masa sakamakon jarrabawar ɗansa, wata tsohuwa ta kawo waya a nemo mata lambar jikanta da ya tafi Legas. Uwargida ta samu sabon mabuɗin magana, "Malam, tunda kana gida," bayansa kuma gas ne ya ƙare, ko a ɗauko yara daga Islamiyya, ko a riƙe jariri ta watsa ruwa. Daga baya sai abin ya koma jaje. Bayan sallar la'asar wani dattijo ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Malam, kowane bawa da irin tasa jarrabawar." Na ce masa ai aiki nake yi ta kwamfuta. Ya gyaɗa kai cike da tausayi. "Haka ne, haka ne. Allah ya kawo mafita." Surukina, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, bai ce uffan ba. Gero kawai ya aiko, wai a dama wa yara kunu.

Duk wannan ni a ganina matsalar unguwarmu ce. Na koma kan aikina na zaburarwa.

Yabon gwani ya zama dole, don haka na ƙirƙiro Gwarzon Wata. Mai zane ne ya fara ci, kuma da yake shi kaɗai ya iya zane, shi na sa ya tsara wa kansa takardar yabon, da datarsa. Ya yi ta da kyau kuwa: hotonsa da hula zanna, an zagaye shi da ruwan zinare, ga ƙaton kofi a gefe yana walƙiya. Na umarci kowa ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp.

Washegari da dare ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Oga, don Allah nawa ne kuɗin?" Na ce wane kuɗi, ai karramawa ce. Ya yi shiru har na zaci sabis ne ya ɗauke. Ashe gwaggonsa ta Bichi ta ga hoton, ta kira ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna masa rufin ɗakinta yana yoyo. Ƙanwarsa mai shirin aure ta turo jerin kayan kicin. Abokan majalisa sun ce ba su yarda ba sai an ci tsire. Budurwarsa ta ce tunda Allah ya buɗa, yaushe manyansa za su zo. Duk Kurna babu mai yarda cewa akwai kamfanin da zai ba mutum kofin zinare bai haɗa masa da ko sisi ba, kuma wanda ya ce ba a ba shi komai ba, rowa ce. Sai da ya ci bashi ya rufe bakin wasu.

Wata na gaba aiki ya sauka ta wata hanya mai ban mamaki. Kowa yana yi daidai-wa-daida, ana kaffa-kaffa kada wani ya fi wani. Mai zane da gangan yake makarar da aiki don kada tsautsayin ya sake faɗa masa. Na gwada kyautar data. Ta Malamin Larabci a wayar uwargidansa ta ƙare, a kan shirin Labarina, kuma ta aiko da godiya ta musamman.

Sai na ce to, a koma kimiyya. Na sa aka ɗora wa kowa wata manhaja mai nuna koren ɗigo muddin mutum yana taɓa kwamfutarsa, in ya tashi ɗigon ya koma ruwan toka. Wanda ya fi kowa daɗewa a kore shi ne gwarzo, kuma wannan karon da ambulan, naira dubu goma, a ɓoye, ba hoto. Na samu abin yi. Daga asuba ina zaune ina gadin ɗigo bakwai, har abinci a gabansu nake ci. Akawu ya ba kowa rata. Ɗigonsa ba ya dusashewa, ko lokacin azahar, har na fara tunanin in ja hankalinsa a kan sallah. Na rubuta wa Hajiya cewa ga irin ma'aikacin da ƙasar nan take buƙata.

Na yanke shawarar kai masa ambulan da hannuna ba tare da sanarwa ba. Na hau adaidaita sahu zuwa Sheka, a hanya ina duba waya, ɗigon nan kore shar. Na yi sallama, aka ce in shiga zaure. A kan tabarma na tarar da kwamfutar kamfani a buɗe, gabanta wani yaro da ba zai wuce shekara bakwai ba, ya miƙe ƙafa, hannun hagu riƙe da rake, na dama yana juya linzamin kwamfuta dama da hagu ba ko kallon allon.

Na ce, "Kai yaro, ina Babanka?"

"Ya tafi Dawanau sayen riɗi."

"Kai kuma me kake yi?"

"Baba ya ce kada in bari ɗigon ya mutu. Kullum naira hamsin da biskit." Ya tofar da ɓawon rake, hannun dama bai tsaya ba. "In na tafi makaranta Yaya ce take karɓa. Ita ɗari ake ba ta, wai don ta iya danna haruffa."

Aji biyu yake. Na tsaya da ambulan a hannu ina kallon ma'aikacin da ƙasar nan take buƙata. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma saboda irin wannan wayo na nuna kamar ana taɓa kwamfuta. A can har 'yar na'ura ake sayarwa mai juya linzami da kanta. Akawunmu aƙalla ya samar wa yara biyu aikin yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, lissafinsa bai taɓa makara ba, bai taɓa zuwa da kuskuren kobo ba. Bayan isha'i yake zama, in yara sun kwanta an kawo wuta, ya gama cikin awa biyu abin da a ofis yake shimfiɗawa a wuni guda don kada a ga ya zauna haka nan. Na zaro naira ɗari biyar na ba yaron, domin tsakani da Allah shi ya ci gasar.

Sai Oktoban 2024 ta zo. Aka lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Dama a watan Afrilun shekarar an kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. Yanzu ɗan rukunin A da wanda bai san rukuninsa ba duk fitilar waya suke haskawa. Ɗigona bakwai suka koma toka. Na ga wannan ne lokacin da shugaba yake nuna kansa. Da sauran caji kashi huɗu a wayata na fara naɗar saƙon murya mai ratsa zuciya a kan juriya. Na kai daidai "kada mu bari duhu ya" sai wayar ta mutu. Ban sani ba ashe yatsana ya saki, saƙon ya tafi a haka, kuma har yau in aiki ya cije wa wani a zaurenmu na WhatsApp, abin da yake rubutawa ke nan: kada mu bari duhu ya.

Na ɗauki waya da kwamfuta na nufi shagon mai caji a bakin titi. Janareta na ruri, wayoyi sun fi ɗari a jere kowace da lambarta, layi har bakin kwata. A layin na hango mai zane rungume da kwamfutarsa. Unguwarsu duk shagunan sun cika, ya biyo har nan. Muka ba da kaya muka koma bencin mai shayi muna jira. Da yake babu waya a hannun kowa, dole muka yi magana.

Na tambaye shi me zai sa ya ji daɗin aiki. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Oga, in faɗi gaskiya?" Na ce faɗi. Ya ce rabin albashinsa a mai caji da data yake tafiya, abin da a da janaretan ofis da intanet ɗin ofis suke ɗauke masa. Hajiya ta huta da haya, hayar ta dawo kansu. Ya ce albashin ma in ya shigo ranar da aka ce, ya fi masa kofi goma. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Lokacin rasuwar kawuna, da muna ofis da kun cika mota kun zo. Sitika kuka turo." Ni na fara tura sitikar, mai hannu biyu a ɗage.

A aji an koya mana Frederick Herzberg, wanda a 1959 ya fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Ya ce abin da ke sa mutum ya tsani aikinsa daban, abin da ke sa ya so shi daban. Albashi da yanayin wurin aiki suna rukunin farko, rashin kyansu yana kashe zuciya. Yabo da ci gaba suna rukuni na biyu. Na amsa wannan tambaya a jarrabawa na ci maki mai kyau, sannan na fito duniya ina raba wa masu neman caji kofin zinare.

Amma akwai abin da Herzberg bai rubuta ba, don bai taɓa zama a gidan gandu ba. Mai tace rubutu ce ta faɗa mini shi. Ita kaɗai ta ci gaba da turo aiki a duk kwanakin duhun, da 'yar sola da ta saya da kuɗin adashe. Da wuta ta dawo na kira ta in yi yabo, na tambaye ta wace kyauta take so. Ta ce, "Yallaɓai, ni dai a aiko da abin da Inna, uwar mijina, za ta gani da idonta. Gani take wuni nake ina danna waya. Jiya ina tsakiyar aikin littafin nan na aji huɗu ta aiko a ce mini tunda ba abin da nake yi in zo in tsince shinkafa." Na buɗe baki zan ba ta shawara, sai na ji daga cikin gida an ce, "Malam, tunda kana gida..."

Ma'aikacin ofis yana da shaidu. Ya fita da safe da kaya masu guga, unguwa ta gan shi. Ya dawo da yamma a gajiye, a ce masa sannu da aiki, a kori yara su bar shi ya huta. Na gida yana iya kwana a kan aiki, gari ya waye a aike shi niƙa. Alat ɗin albashi a aljihu yake ƙara, ba mai ji sai mai wayar. Ko a gwajin Bloom, da na koma na karanta har ƙarshe, kusan rabin waɗanda aka tura gida sun nemi komawa ofis, da yawansu saboda kaɗaici, kuma ƙarin girma ya ragu a cikinsu don manya ba sa ganinsu. Su manya ne ba sa gani. Namu, har waɗanda suke ɗaki ɗaya da su ba sa gani.

Na ɗauki wannan na kai wa Hajiya, aka yi ciniki irin na Kwari. Ta yarda albashi ya riƙa shiga ranar 25 ko abokan hulɗa sun biya ko ba su biya ba. Sola ta ce sai dai rance, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Data ta amince ta zama kayan aiki duk wata, kodayake ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025 ya zo ya cinye kusan duk abin da ta ƙara. Manhajar ɗigo aka goge ta, yaran Sheka suka rasa aiki. Mitin ya koma sau ɗaya a mako, ba kyamara, sai kuma haɗuwa ido da ido ranar Juma'ar ƙarshen wata a kan gurasa da balangu, wanda shi ne kaɗai taron da Malamin Larabci yake taƙaita addu'a. Suna da ta'aziyya kuwa, da ƙafa.

Gwanintata ta gaske sai da azumin 2025 ya ƙarato na nuna ta. Na shawo kan Hajiya a ba kowa rabin buhun shinkafa da katan ɗin taliya da galan ɗin mai, kowanne an manna masa sunan kamfani da manyan haruffa, mai zane ya ƙawata. Na tsara komai. Ba da dare za a kai ba, da hantsi, lokacin da mata ke tsakar gida maza ke bakin shago. Na ja mai adaidaita gefe na ce ko ya gane gidan kada ya nuna ya gane. Ya tsaya a bakin layi ya yi hon, ya ɗaga murya ya tambayi mutane ina ne gidan ma'aikacin kamfani kaza, an aiko shi daga wurin aiki. Na Zariya aka sa a mota, aka biya yaro ya ɗauka a ka ya ratsa ta ƙofar uwar miji.

Abin ya yi aiki fiye da duk laccocina. Mai tace rubutu ta ce yanzu in ta buɗe kwamfuta Inna da kanta take kora jikoki, "Ku fita, tana ofis." Mai zane ya ce ƙannensa sun bar masa kusurwar taga.

Ni na rubuta jerin sunayen, kuma saboda kara ban sa nawa ba. Na san Hajiya za ta duba ta ce, "A'a, Malam Manaja, ina naka?" Ta duba, ta ƙirga bakwai, ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," ta sa hannu.

Da yake ba mu da ofis, a zaurena aka sauke kayan. Dare ɗaya suka kwana, kuma a daren na ga yadda maƙwabta suke leƙe suna murmushi, har dattijon nan ya ce, "Ka gani ko? Bayan wuya." Da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofata, ni da kaina na riƙa ciccibar buhu ina lodawa, gumi yana zuba, unguwa tana kallo. Aka kwashe tas, ko ƙullin taliya ba a bari ba. Kafin azahar labari ya kasu biyu: wasu sun ce masu bashi ne suka zo suka kwashe, wasu sun ce a'a, dako na koma.

Bayan magariba surukina ya yi sallama, abin da bai saba ba. Bai yarda ya zauna ba. Ya kama hannuna ya danƙa mini wani ɗan makulli, ya rufe yatsuna a kai.

"Yaron shagona na layin atamfa ya koma garinsu. Gobe ƙarfe takwas. Ba sai kowa ya ji ba."

Na ce, "Baba, wallahi ina da aiki. Ni ne ma manaja."

"Na sani, na sani," in ji shi, yana neman takalminsa. "Ka taho da biro."